Taken Honarabul a Gonar Gayya

A Faru, in ka ce kana neman Jibrin sai an tambaye ka wanne, don Jibrin huɗu ne a garin. In ka ce Jibrin mai ganga, ba mai sake tambayarka, da baki za a nuna maka gidan. Ɗaki uku ne da rumbu biyu, sai wata bukka a gefe da ba kowa ke shiga ba. A nan gangunansa suke rataye: babbar gangar noma da ya gada daga mahaifinsa, da ƙanana biyu da ya ɗaura da hannunsa.

Kiɗan noma ne sana'arsa. In damina ta kankama aka kira gayya, manoma su jeru a bakin gona, kowa da galmarsa, kowa ya kama kunya ɗaya, shi kuma yana biye da su da ganga a kafaɗa. Duk manomin da ya isa yana da takensa, wato ɗan kiɗan da aka yi dominsa shi kaɗai, wanda da ya ji ya san da shi ake, sai ka ga ƙasa tana tashi. Take saba'in da uku Jibrin ke riƙe da su a ka, arba'in da ɗaya na mutanen Faru, sauran na Kaya da ƙauyukan da ke tsakani. Ko daga barci aka tashe shi aka kira sunan mutum, hannunsa zai buga kafin idonsa ya buɗe.

Akwai kuma kiɗa guda da ba mai so, shi ne kiɗan rago. Duk wanda aka bari a baya, kowa ya fita kunya shi yana tsakiya yana haki, Jibrin zai koma ya tsaya a kansa ya buga masa. Da an ji, sai manoma su ɗago su yi ihu baki ɗaya: "A kawo mai tabarma!" Har matan da suka kawo fura sai sun taya. Namiji ya gwammace ya suma a kan kunya da a buga masa wannan kiɗa.

Jibrin ba ya waƙa. Ƙanensa Ayuba ne mai waƙar, uwa ɗaya uba ɗaya. Jibrin mutum ne da zai wuni bai ce uffan ba, Ayuba kuwa bakinsa ba ya hutawa, ga murya da za a jiyo daga gona uku. Yakan tsokani wansa a gaban mutane ya ce, "Ku yi haƙuri da shi, bakinshi na cikin ganga, sai an doka yake magana." Jibrin ya harare shi ya ci gaba da ɗaure igiya.

Shekarar da aka shiga kakar zaɓe, wani ɗan kasuwar hatsi mai suna Buba Nagode, ɗan ƙasar Maradun mazaunin Talata Mafara, ya fito neman kujerar majalisa. Tun kafin a kaɗa ƙuri'a yaransa suka fara ce masa Honarabul. Ya aiko shugaban matasansa, wani dogo mai baƙin tabarau da ake kira Yaya, ya ce yana son take irin na manoma, da waƙa a kai, don manoma ne masu ƙuri'a.

Jibrin ya zauna a bukka ya fitar da abin da bai taɓa fitar da irinsa ba. Daga luguden mahaifiyarsu ya ɗauko shi, yadda take dakan gero suna yara: bugu uku a jere, ɗan shiru, sai biyu masu nauyi. Da Ayuba ya ji sai ya dafe kai.

"Kai, wanga ya fi ƙarfin ɗan siyasa. Aje ma ɗanka."

"A rediyo za a sa shi," in ji Jibrin. "Tun da munka taso, ka taɓa jin gangar gidanmu a rediyo?"

Aka kai su Mafara wurin wani Thomas da ke da ɗakin ɗaukar waƙa a bayan tasha, ɗaki ɗan ƙarami da aka manna wa kwalayen ƙwai a bango. Ganga ta buɗe, Ayuba ya shigo da murya, aka ɗauka. Kafin wata ya ƙare ba motar kamfen ɗin Buba da ba ta ɗauke da lasifika tana zuba waƙar daga Bakura har Maradun.

Ranar babban taro a Bakura suka yi wasa a gaban jama'a tun hantsi. An yi musu alkawarin za su koma cikin ayarin Honarabul, mota goma sha ɗaya da masu rakiya da bindigogi gaba da baya, don kowa ya san halin da hanya take ciki. Da aka tashi, Jibrin ya nufi wata a-kori-kura da gangarsa, Yaya ya tare shi da hannu.

"Ina za ka da wanga tulu? Ba wuri. Buhunan shinkafa za mu ɗora. Ku bi mashin."

"Hanyar Faru fa, da marece?" in ji Ayuba.

"Kai da ke da murya? In sun tare ka, yi musu waƙa."

Matasa suka yi dariya, ayari ya tashi ya bar su tsaye. Suka ɗauki 'yan kabu-kabu biyu, masu haya da mashin. Na Ayuba ne a gaba. Sun wuce Maradun, rana ta yi ja, sai harbi ya tashi daga cikin sabara. Mashin ɗin Jibrin ya kauce ya faɗa wani kwazazzabo, ganga ta danne shi, ya kwanta a nan yana jin komai. Da 'yan bindigar suka tafi ya rarrafo ya fito. Ayuba da saurayin da ya goyo shi suna kwance a bakin hanya ba rai, an tafi da mashin.

Ranar sadakar uku ana zaune a ƙofar gida, liman ya ɗaga hannu ke nan za a shafa, sai ga motar kamfen ta shigo gari da lasifika huɗu a kanta. Bugu uku, ɗan shiru, biyu masu nauyi, sai muryar Ayuba ta cika unguwa tana yabon Buba. Husna matar Ayuba, da ke cikin takaba, ta ji muryar mijinta daga ɗaki. Ta fito da gudu ba takalmi, ta ratsa zaure har tsakiyar maza, ta tsaya tana waige-waige, sannan ta zube. Yaya ya sauko, ya ajiye buhun shinkafa guda mai hoton Buba a jiki, ya ce Honarabul na gaisuwa, aiki ya yi masa yawa. Bai ce a kashe waƙar ba har suka juya.

Buba ya ci zaɓe. Bai taka Faru ba.

Abu ɗaya Jibrin ke so tun daga ranar: a cire muryar ƙanensa daga lasifikokin mutumin nan. Ya shirya ya je gidansa a Mafara, ya zauna a benci cikin masu jira har aka shigar da shi. Aka gaisa, an tashi lafiya, ya iyali, ya mutanen Faru, ya haƙuri.

"Allah shi jiƙan..." Buba ya waiga wurin Yaya. "Wa yake da suna?"

"Ayuba, ranka shi daɗe."

"Ayuba. Allah shi jiƙanai. To mi ke tafe da kai?"

Jibrin ya faɗa, a taƙaice, kansa a ƙasa. Ya ce matar mamaci ba ta barci, ya ce 'yar Ayuba Mufida duk motar da ta wuce sai ta bi ta da gudu tana tambaya don me babanta ba ya saukowa.

Buba ya gyara hula. "Ai waƙa ta zama ta jama'a, Malam Jibrin. Ita ta ci muna zaɓe. Raya sunanshi muke yi, kamata ya yi ku gode."

"Kuma an sallame ku tun rannan," in ji Yaya, yana riƙe da ƙofa.

Daga nan ya zarce bayan tasha wurin Thomas, ya ce ya goge waƙar. Thomas ya ba shi kujera da ruwa, ya yi masa ta'aziyya ta gaske, sannan ya nuna masa na'urar.

"Ko yanzu in goge, Baba, amma mene ne amfanin? Tana cikin waya ɗari nawa? Tana gidan rediyo, tana motocinsu. Wannan waƙa ba mai kashe ta sai mai ita, ranar da ya ji ba ya son jin ta."

Jibrin ya shanye ruwan, ya yi godiya, ya tashi. Maganar nan ta bi shi har gida.

Sauran rani duka bai taɓa ganga ba. Ya yi aikin shinkafa a fadama, ya gyara rumbu, ya ciyar da gida biyu. Duk ranar kasuwa motar tana wucewa, don Buba ya mayar da waƙar tamkar tutarsa, ko rijiya zai buɗe sai an sa. Jibrin yakan tsaya cak da abin da ke hannunsa har sautin ya ɓace. Matarsa Taiba ta lura ba ya zagi, ba ya kuka, yatsunsa ne kawai ke motsi a kan cinyarsa.

Ruwa ya sauka. Gayyar farko a gonar sarkin noma aka yi ta, manomi talatin da takwas. Jibrin ya zo shi kaɗai, ba mai waƙa, mutane suka riƙa kau da ido. Ya buga wa kowa takensa yadda ya saba. Da aka kai kunya ta shida, taubashinsa Abba, mai tumbi da son hira, ya maƙale a tsakiya. Jibrin ya koma ya tsaya a kansa. Kowa ya ɗago yana jiran tsohon kiɗan rago.

Bugu uku, ɗan shiru, biyu masu nauyi.

Ya ja shi kaɗan, ya sa masa ɗingishi, amma ba wanda bai gane ba. Gona ta yi tsit. Abba ya miƙe ya dafe ƙugu, gumi na zuba.

"Kai Jibrin, tsakaninka da Allah, yaushe nac ci zaɓe?"

Dariya ta ɓarke. Wani daga can bakin gona ya kwarara, "A kawo mai tabarma!" sauran suka amsa. Jibrin bai yi murmushi ba. Ya sake bugawa, suka sake amsawa.

Daminar nan gayya ashirin da shida ya yi. Bai ƙi kira ko ɗaya ba, har gonakin bakin daji da sauran makaɗa suka daina zuwa, har na waɗanda ba su da abin ba shi sai fura. Tsohon kiɗan rago na mahaifinsa ya ajiye shi gaba ɗaya. Duk wanda aka bari a baya, taken Honarabul ne rabonsa. Bai taɓa ambaton sunan Buba ba, bai yi zambo ba, bai ce wa kowa ga abin da yake nufi ba. In an tambaye shi yakan ce tsohon ne ya gundure shi.

Taiba ta tare shi wata safiya yana shafa wa ganga mai.

"Baban Mas'ud, ni fa ba yarinya ba ce. Na san abin da kake yi."

"Mi nike yi? Kiɗa nike."

"Kiɗa! Gidan nan an fitar da gawa ɗaya, ba ta ishe ka ba? Mutanen nan suna da 'yan banga, suna da mota. Kai mi gare ka? Fatar akuya."

"Ita ta ɗora Buba kan kujera," in ji Jibrin.

"To in sun zo, ita za ta tare su?"

Ya ci gaba da shafa mai. Ta tsaya tana kallonsa, sannan ta ja tsaki ta ɗauko masa hular ranarsa da ya manta a kan turmi.

Abin ya fi ƙarfin gona. 'Yan kabu-kabu suka ɗauka, in wata mota ta tsaya musu a gaba tana jan jiki sai su danna hon sau uku, su dakata, su ƙara biyu. Mata a bakin rijiya suna buga shi a jikin bokiti in wata ta daɗe tana jan guga. 'Yan makaranta suna buga shi a benci in wani ya makara. Makaɗan Bakura da suka ji a wayar samari suka kai shi fadamun shinkafa, su ma suka yar da nasu. Kafin a yanke gero, daga Kaya har Jangebe ba mai jin bugun nan bakinsa bai motsa da zancen tabarma ba.

Mutanen Buba kuwa ba masu zuwa gayya ba ne. Rabon Yaya da riƙe galma tun yana yaro. Suna zaune a Mafara suna jin hon ɗin 'yan kabu-kabu, sai daɗi ya kama su. An ji Yaya a wurin mai shayi yana bugun ƙirji yana cewa, "Kun ji? Har mashina na busa takenmu. Wa ya isa ya ja da mu?" Mai shayin, ɗan Faru ne, ya sunkuyar da kai yana ta juya cokali.

Bayan kaka aka yi shelar Honarabul zai zo Maradun rabon injin ban-ruwa ga manoman rani. Rumfa tara aka kafa, inji arba'in aka jera a gaba an ɗaura musu kyalle, manoman da suka taru kuwa sun fi dubu. Jibrin ya zo ba ganga. Ya tsaya can baya a gindin wani marke, hannuwansa a cikin aljihu.

Ayari ya iso. Aka buɗe wa Buba ƙofa, ya sako ƙafa, babbar riga fara ƙal. Yaya ya ɗaga hannu ya yi wa mai lasifika alama.

Bugu uku, ɗan shiru, biyu masu nauyi.

"A kawo mai tabarma!"

Ba wanda ya shirya. Baki dubu ne suka amsa abin da suka saba amsawa, har dattawan da ke kan kujeru a rumfar gaba, wasu suka rufe baki bayan magana ta riga ta fita. Buba ya ɗauka kirari ne, ya dunƙule hannu ya ɗaga sama yana murmushi. Nan fili ya rikice. Ganga ta sake zagayowa, aka sake amsawa, wannan karon da gangan. Sai ga tabarma ta gaske, ta Abba ce da ya zo da ita don zama, tana tafiya a kan kawunan mutane daga hannu zuwa hannu, har aka shimfiɗa ta a gaban Honarabul.

Buba ya dubi tabarma, ya dubi jama'a. Ya sunkuya wurin wani dattijo da ke kusa ya tambaya. Dattijon ya raɗa masa. Daga gindin marke Jibrin ya ga hannun nan da aka ɗaga yana saukowa a hankali.

"Kashe! Ku kashe kiɗan ga!" in ji Buba.

Daidai lokacin Ayuba ya shigo da murya a lasifika. Ya ja numfashi, ya fara kalmar farko, aka zare waya. Jibrin ya ji yankewar a ƙirjinsa kamar an sake harbi. Ya juya ya nemi mashin. Bai tsaya ganin rabon inji ba.

Daga ranar ba a sake jin waƙar a motar Buba ba, ba a sake jin ta a rediyo ba. Da Jibrin ya shiga ya faɗa wa Husna, tana tankaɗe, ba ta yi masa godiya ba. Ta ajiye rariya.

"Yanzu na san ya mutu," ta ce.

Ba a rufa mako ba Yaya ya zo Faru da samari biyar, da rana tsaka, Jibrin yana masussuka. Taiba ta tsaya a ƙofar bukka, suka ture ta. Suka farke fatun ganguna ukun da wuƙa, babbar kuma suka ɗaga ta suka maka a kan turmi. Da Jibrin ya dawo ya tsuguna ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Fata shida sun tafi, igiya ta tsira, kwarangwal ɗin gangar mahaifinsa ya tsage kamu guda daga baki. Ya duba gwiwar Taiba da ta gurje, ya daɗe yana dubawa.

Ranar Talata ya shiga kasuwar Mafara ya zaɓo fatun akuya. Ya jiƙa su, ya kankare gashin, ya ɗinke tsagar da waya ya liƙe da ƙaro, ya ja fata ya ɗaure ya bar ta a inuwa. Muryar babbar ta ɗan dushe, ba za ta koma yadda take ba. Yana cikin gwada ta wani ɗan kabu-kabu ya wuce ta bayan katanga, jaki ya tare masa hanya, ya danna uku, ya dakata, ya ƙara biyu.

Taiba ta kawo masa fura ta ajiye, ta tsaya.

"To, ka samu abin da kake so. Ya isa hakanan?"

"Buba ya samu nashi."

"Na ce ya isa?"

Jibrin ya ɗora yatsu a kan sabuwar fata. Wani abu ya fito wanda ba ta taɓa ji ba, gajere, mai sanɗa, kamar mutum yana leƙe. Ya sake bugawa, ya gyara ƙarshen.

"Akwai wani irin mutum a gayya," ya ce, "wanda ba a ganin shi sai an sauke fura. Tun zamanin Baba ba a yi mashi kiɗa ba."

"Wannan kuma na wane ne?"

"Yaya bai da take. Babban mutum kamar shi, shugaban matasa guda, bai kamata a bar shi hakanan ba."

Taiba ta ɗauki murfin ƙwarya ta rufe furar don ƙuda. Ta kai ƙofa ta waigo.

"Ƙarshen bai zauna ba," ta ce. "Ƙara mai ɗaya."

Ya ƙara.